Pecos Ko Salinas: Wane Kufai Za Ka Fara Gani A New Mexico?

Wanda tafiya ta kai shi jihar New Mexico a kudu maso yammacin Amurka, ko don karatu, ko taro, ko ziyarar ɗan'uwa a Albuquerque, in ya ce yana son ganin kangayen majami'un da Sifaniyawa suka gina a garuruwan 'yan asalin ƙasar, sunaye biyu za a fara ambata masa: Pecos da Salinas. Dukansu suna hannun hukumar tarayya mai kula da wuraren tarihi, dukansu ba a biyan kuɗin shiga, kuma limaman ɗariƙa ɗaya ce, Faransiskan, suka tsaya kan gina su tun daga shekarun 1620. Sai dai Pecos yana arewa maso gabas, bayan Santa Fe, Salinas kuwa yana kudu maso gabas, kusa da wani ɗan gari da ake kira Mountainair. Mai yini ɗaya ba zai haɗa su ba, sai in ya yarda yinin ya ƙare masa a kan sitiyari.

In hoto za a bi, babu gardama. Katangun cocin Quarai, ɗaya daga cikin kufai uku na Salinas (sauran biyun su ne Abó da Gran Quivira), har yau suna tsaye, tsayinsu ya kai mita 12, jan dutse tun daga tushe har sama. A Pecos kuwa, babban cocin da babu kamarsa a yankin a zamaninsa ya ɓace, sai layin harsashinsa a ƙasa, da guntun wani ƙarami da aka gina a cikinsa daga baya. Amma kafin ido ya yanke maka hukunci, ka tambayi dalili. Majami'un Salinas sun tsira saboda mutanen garuruwan sun riga sun ƙare kafin babban boren da 'yan ƙasa suka yi wa Sifaniyawa a 1680: yunwa ta kashe wasu, ta kori sauran, babu wanda ya rage da zai rushe su. Na Pecos ya ɓace saboda masu garin suna nan da ƙarfinsu, su suka cinna masa wuta, suka baje shi da hannunsu. Kusan duk sauran bambancin daga nan ya taso.

Mutanen da ake magana a kansu manoma ne mazauna gari, masu noman masara da wake da kabewa da auduga, masu gina gidaje hawa-hawa manne da juna. Sifaniyawa suka haɗa su duka suka kira su Pueblo, alhali ba ƙabila ɗaya ba ce, harsunansu ma daban-daban ne. Baƙo na farko daga ƙetaren teku da ya taka ƙasarsu ɗan Afirka ne, Esteban, bawa daga garin Azemmour na Maroko, wanda aka tura gaba ya leƙo hanya a 1539, aka kashe shi a ƙasar Zuni. Shekara ta gaba kwamandan Sifaniya Coronado ya biyo da rundunarsa neman zinariya. Zama na dindindin sai 1598, da Juan de Oñate ya shigo da iyalai da dabbobi da limamai. Da ta tabbata babu zinariya babu azurfa, sarautar Sifaniya ta ci gaba da riƙe yankin da hujjar yaɗa addini, nauyin ciyar da kowa kuma ya faɗa kan manoman. Kowane gida yana biyan awon masara da mayafin auduga ko fata duk shekara ga sojan da aka danƙa wa garin. Gwamna yana neman masu yi masa aiki, limami shi ma yana nema, na gini da kiwo da gonar mishan. Wannan tsarin ɗaya ne a Pecos da Salinas. Ƙarfin ɗaukarsa ne ba ɗaya ba.

Pecos, wanda tsofaffin takardun Sifaniyawa ke kira Cicuye, yana kan wani dogon tudu a bakin mashigar tsaunukan Sangre de Cristo, inda hanyar kwarin Rio Grande ke ɓullewa zuwa filayen gabas. Duk mai son wucewa tsakanin manoma da mafarautan ɓauna, ta gindin tudun nan zai bi. Bayan kaka, Apache, mafarautan filayen gabas, sukan zo da kaya a bayan karnuka, su kafa tantuna a filin da ke ƙasan garin, su kawo fatun ɓauna da busasshen nama da kitse da bayi, su koma da masara da saƙi da tukwane. Mutanen garin sun kai 2,000, gidajensu hawa huɗu zuwa biyar, kuma marubucin rundunar Coronado ya ce suna da mayaƙa 500 da ake shakka a duk ƙasar. Wayonsu ma bai gaza ƙarfinsu ba. A nan Sifaniyawa suka samu wani bawa mutumin gabas da suka laƙaba wa El Turco, ya cika musu kunne da labarin wata ƙasa mai suna Quivira inda zinariya ba ta da daraja. Ya ja su har cikin Kansas ta yau a 1541, suka tarar da bukkokin ciyawa. Kafin su shaƙe shi ya faɗa musu cewa mutanen Pecos ne suka sa shi ya kai su inda za su ɓace, su da dawakansu.

Arzikin Salinas kuwa gishiri ne. Gabas da garuruwan akwai tafkunan gishiri na kwarin Estancia, ragowar wani babban tafki da ya ƙafe tun zamanin da. Wanda ya san abin da gishiri ya mai da Bilma, da ayarin da ke ratsa Tenere saboda shi, ba sai an yi masa dogon bayani ba kan yadda gari zai bunƙasa a wurin da noma ke da wuya. Mutanen Abó da Las Humanas suna jin harshen Tompiro, na Quarai suna jin Tiwa. Las Humanas ce babba, mutum 1,500 zuwa 2,000, a kan tudun Chupadera, wurin da babu kogi babu marmaro, sai rijiyoyi da ramukan tara ruwan sama. Ita ce yau ake kira Gran Quivira, sunan ƙasar nan ta labarin El Turco da ya manne mata bayan ta zama kufai, wanda ya sa masu neman dukiya suka yi ta haƙa ramuka har cikin coci ba su samu ko anini ba. Gari mai rayuwa a kan ruwan da ya tara, in aka ƙara masa garken tumaki da shanun mishan, ba sai an faɗa maka inda za a kwana ba.

Ta fuskar gini Quarai ne gaba. An fara cocin wajen 1627, aka gama a farkon shekarun 1630, da ƙananan falalen jan dutse da aka jera da laka. Rufin ya daɗe da tafiya, amma kana shiga ta ƙofa katangun za su kewaye ka, ka ga siffar gicciye da aka yi wa ginin, ka ga ramukan da gumaguman rufi suka zauna. Akwai marmaro da manyan itatuwa, saboda haka akwai inuwa, abin da ba a rainawa a ƙasar nan. Abó, inda Fada Francisco Fonte ya fara aiki a 1622 aka faɗaɗa cocin daga baya a ƙarƙashin Fada Francisco de Acevedo, ya fi lalacewa, amma doguwar katangarsa mai tokare tana nuna gwanintar magina. Su wa suka yi ginin? Rahoton da Fada Alonso de Benavides ya rubuta wa sarkin Sifaniya a 1630 ya ce mata da yara ne ke tada katanga, domin a al'adar Pueblo gini aikin mata ne, maza su ke saƙa da yaƙi da kawo itace. Raunin waɗannan wurare biyu shi ne garin kansa. Gidajen mutanen galibi suna binne, tuddai ne kawai da ciyawa a kai. Za ka ga coci sosai, ba za ka ga masu gari ba.

Gran Quivira ta cike wannan giɓin. Dutsenta toka-toka ne, ba ta da kyan ja na sauran biyun, hoto ba ya yi mata adalci. Amma a nan aka tono babban rukunin gidaje tsakanin 1965 da 1967, ɗakuna sama da 200, kana bi kana ganin yadda mutane suka zauna, da ɗakunan ibadarsu masu da'ira da ake haƙawa cikin ƙasa, waɗanda ake kira kiva. Majami'u biyu ne: ƙaramin San Isidro da Fada Francisco Letrado ya soma a 1629, da ƙaton San Buenaventura da Fada Diego de Santander ya ɗora a 1659. Na biyun ba a gama shi ba. A ganina wannan ginin da ya tsaya a rabi ya fi duk wani allon bayani magana: an sa mutane ɗaukar dutse a daidai lokacin da rumbunansu suka fara komawa wayam.

Cocin Pecos kuwa da tubali aka yi shi, ba dutse ba, kuma wannan ma yana cikin dalilin da ya sa abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, tunda ginin ƙasa in ba a yi masa yaɓe ba ruwa da ƙanƙara suna cinye shi. Fada Andrés Juárez ya kammala shi a 1625. An kiyasta tubali 300,000 suka shiga, kowanne nauyinsa kusan kilo 18; tsawon ginin ya kai mita 45, a wasu wurare kaurin katanga da tokarenta ya haura mita 6, da hasumiyoyi shida, an shafe shi da farar ƙasa yadda mai tahowa daga gabas zai hango shi tun daga nesa. Shekaru da yawa masana na ganin zuzutawa ce kawai ta limamai, domin kangon da ke tsaye bai kai yadda aka siffanta ba. Sai a 1967 wata mai binciken kufai, Jean Pinkley, ta tono harsashin, aka gane cewa kangon da ake gani na cocin 1717 ne, yana zaune cikin na farkon kamar ɗaki a tsakar gida. In ka je, ka tsaya a bakin tsohon harsashin ka auna da ido, in ba haka ba za ka fito kana cewa ba ka ga komai ba.

Labarin Salinas gajere ne, shekara hamsin da 'yan kai, amma cike yake da rigimar da ta fi nuna yadda mulkin yake daga ciki. Quarai ta zama mazaunin wakilin kotun cocin Katolika mai bin diddigin aƙida. Fada Estevan de Perea ya riƙe wannan muƙami daga nan a shekarun 1630. Kotun ba ta da hurumi a kan 'yan ƙasa, Sifaniyawa take tuhuma, don haka ta zama makamin limamai a faɗansu da gwamnoni kan wa zai mori guminsu. Abin ya ƙazanta a 1659, da Gwamna Bernardo López de Mendizábal ya naɗa Nicolás de Aguilar mai kula da yankin Salinas. Aguilar ya hana mutane yi wa limamai aiki kyauta, ya ba su izinin komawa raye-rayensu na gargajiya masu rufe fuska, waɗanda limamai ke kira aikin shaiɗan. Kada ka ɗauka tausayi ne zalla: gwamnan yana son hannayen nan ne su ɗebo masa gishiri da fatu, a kai Parral can kudu, inda masu haƙar azurfa ke bukatar gishiri don tace ta. Limamai suka rama. A 1661 shugabansu Alonso de Posada ya sa aka kutsa cikin ɗakunan kiva, aka ƙona abin rufe fuska na ibada kimanin 1,600 a faɗin yankin. A 1662 aka kama gwamnan da Aguilar aka kai su birnin Meziko cikin mari. Mendizábal ya mutu a kurkuku a 1664. Aguilar aka kore shi daga New Mexico na shekara goma, aka haramta masa muƙami har abada. Masu gari kuwa gaba kura baya sayaki: in sun bi gwamna limami ya sa a yi musu bulala, in sun bi limami wakilin gwamna ya yi.

Sai fari ya zo. A wata wasiƙa ta 1669, Fada Juan Bernal ya rubuta cewa shekara uku ba a girbe komai ba, kuma a 1668 mutane sun yi ta mutuwa a kan hanyoyi da cikin kwazazzabai da ɗakunansu, a Las Humanas kaɗai fiye da 450. Ya ce har Sifaniyawa sun koma gasa fata suna ci. Da can irin wannan shekara ana tsallake ta da ajiyar masara ta shekaru, da ciniki da Apache. Haraji ya cinye ajiyar, Apache kuma sun zama abokan gaba, domin gwamnoni sun daɗe suna kama su suna sayarwa a kudu, ga shi su ma yunwar ta taɓa su. Sun kai wa Las Humanas hari a 1670. Wajen 1672 aka bar garin, Abó ta biyo baya ba da daɗewa ba, kafin 1678 babu kowa a Quarai. Waɗanda suka tsira suka gangara kogin Rio Grande, wasu Isleta, wasu garuruwan Piro, daga baya wasu suka bi Sifaniyawa har El Paso. Harshen Tompiro ya mutu.

Pecos ta sha wannan farin ita ma, amma tana da rafi, tana da kasuwa, tana da yawa, ta rayu ta ga abin da ya biyo baya. A 1675 Gwamna Juan Francisco Treviño ya kama shugabannin addinin gargajiya 47 bisa zargin tsafi, aka rataye uku, ɗaya ya kashe kansa, sauran aka yi musu bulala a bainar jama'a. Cikin waɗanda aka zane akwai Popé, mutumin Ohkay Owingeh. Shekara biyar yana ƙulla abin da ba a taɓa yi ba, wato haɗa kan garuruwa masu harsuna daban-daban. 'Yan gudu suka zaga da igiyoyi masu ƙulli, kowace safiya a kwance ɗaya don ƙirga kwanakin da suka rage a tashi. Ranar 10 ga Agusta 1680 aka tashi, aka kashe limamai 21 da Sifaniyawa kimanin 400, sauran suka gudu kudu, ƙasar ta koma hannun masu ita har shekara 12. A Pecos aka tara itace aka ƙona rufin cocin, aka ture katangun.

Abin da ya sa na fi ganin nauyin Pecos shi ne ba ta bar ka ka raba mutane gida biyu, azzalumai da waɗanda aka zalunta, ka huta. Garin kansa a rabe yake. Shugabansa Juan de Ye ya gargaɗi limaminsu Fernando de Velasco kafin boren; limamin ya fita, aka kashe shi a Galisteo. Da sabon gwamna Diego de Vargas ya dawo da Sifaniyawa a 1692, Pecos ta karɓe shi, kuma a ƙarshen 1693 mayaƙanta 140 suka taya shi ƙwace Santa Fe daga hannun 'yan'uwansu Pueblo. A boren 1696 wani shugaban garin, Felipe Chistoe, ya gayyaci masu son tawaye cikin kiva ya sa aka kashe su. Gari mai cin abinci daga ciniki yana da masu ganin riba a zaman lafiya da baƙo, yana da masu ganin mutuwa a ciki, kuma duka ɓangarorin suna da hujja. Bayan haka garin ya yi ta zaizayewa: harin ƙabilar Comanche daga shekarun 1740, annobar agana a 1781, baƙi suna cinye gonaki. A Pecos aka ƙulla sulhu da Comanche a 1786, amma sulhun ya buɗe wa Sifaniyawa hanyar kafa ƙauyuka gaba da ita, irin San Miguel del Vado, kasuwa ta koma can. A 1776 ba su kai mutum 300 ba. A 1838 kimanin mutum 20 da suka rage suka kwashe kayan ibadarsu suka tafi Jemez, garin da ke jin harshensu na Towa.

Akwai abu guda da za ka gani a wuraren biyu wanda ya cancanci tsayawa: kiva a tsakar gidan limamai. A Pecos an daɗe ana cewa bayan bore aka haƙa shi, da tubalin cocin da aka rushe, don a nuna wa ya dawo da iko. A Abó da Quarai wannan bayanin ba ya tafiya daidai, tunda an bar garuruwan kafin bore, kuma na Quarai mai kusurwa huɗu ne, zaune a tsakiyar farfajiya kamar tare aka tsara su. Wasu masana suna ganin limaman farko ne suka yarda da shi don su jawo mutane a hankali ta ɗakin da suka saba. A Pecos akwai kiva da aka sake rufawa, ana sauka ciki ta tsani. A Salinas daga sama kawai za ka leƙa.

Sai maganar magada, wadda a wurina ita ce mafi girma. Mutanen Pecos ba su ɓace ba, jikokinsu suna Jemez, kuma a 1936 majalisar dokokin Amurka ta haɗe garuruwan biyu a hukumance. Tsakanin 1915 da 1929 mai binciken kufai Alfred Kidder ya tona jujin garin, ya jera tsingaron tukwane hawa-hawa ya fitar da ma'aunin zamani da masu binciken yankin suka dogara da shi, musamman bayan taron da ya kira a nan a 1927. A cikin aikin ya kwashe ƙasusuwan mutum kusan 2,000 aka kai jami'ar Harvard. Dokar 1990 mai tilasta mayar da gawarwakin 'yan asalin ƙasa ta ba Jemez hujja, kuma a watan Mayu 1999 aka dawo da su aka sake binnewa. Jama'ar Jemez suka tako da ƙafa har Pecos don tarbar kakanninsu. Ko yanzu, ranar Lahadin farko ta Agusta ana addu'a a cikin kangon cocin, ana kawo tsohon hoton da mutanen garin suka bar wa maƙwabtansu amana. Salinas ma tana da zuriya, a Isleta da Ysleta del Sur ta jihar Texas, amma sun narke cikin wasu garuruwa tun shekara 350 da suka wuce, zaren ya yi siriri. A Salinas yawancin abin da za ka ji daga bakin takardun Sifaniyawa ya fito, ƙorafin limami a kan gwamna da na gwamna a kan limami.

Batun hanya ba shi da tsawo. Pecos kilomita 40 ne daga Santa Fe a kan babbar hanya I-25, rabin awa a mota, kuma komai a wuri ɗaya yake: ɗakin adana kayan tarihi, da hanyar ƙafa ta kilomita 2 mai zaga garin da cocin. Awa biyu sun isa, in ka ƙara filin dagar Glorieta na yaƙin basasar Amurka a 1862 da sawun tsohuwar hanyar fatake ta Santa Fe, rabin yini. Salinas awa ɗaya da rabi ne daga Albuquerque zuwa Mountainair, daga nan Abó kilomita 14 yamma, Quarai 13 arewa, Gran Quivira 40 kudu, kowanne a tasa fuskar. Yini guda cur ne, kuma ka cika tanki ka ɗauki ruwa da guzuri, domin hanyar Gran Quivira babu gidan mai, waya ma tana ɗaukewa. Dukansu sai da mota. Dukansu suna kan tsayin kimanin mita 2,000, saboda haka mai hawan jini ko tsoho ya tafi a hankali. Da rani akwai macizai da tsawar la'asar, da hunturu akwai dusar ƙanƙara. Tsingaron da za ka gani a ƙasa laifi ne ɗaukarsa. Musulmin da ya zaɓi ɓangaren Santa Fe yana da ƙari: kimanin awa ɗaya arewa, a Abiquiú, akwai masallacin Dar al Islam na tubali, wanda Hassan Fathy na Masar ya zana.

To, wanne? In yini ɗaya gare ka kuma wannan ne karonka na farko, je ka Pecos. Labarin a can ya cika, daga kafin zuwan baƙi har zuwa jikokin da ke raye, kuma mutanen ƙasar su ne masu aikatawa a cikinsa, da daidai da kuskure. Haka in kana tare da yara ko dattawa. In gini ne ya kawo ka, ko hoto, ko kana son wurin da za ka yi awa ba ka haɗu da kowa ba, Salinas ta fi, kuma in rabin yini ne kawai daga Albuquerque, Quarai kaɗai ta isa, ta hanyar Tijeras mai bin gindin tsaunukan Manzano. Ɗalibin da ke nazarin yadda haraji da aikin tilas da fari ke haɗuwa su kashe gari, kada ya tsaya a Quarai don kyanta, ya jure kilomita 40 ɗin nan zuwa Gran Quivira. Wanda ba zan ba shawarar Salinas ba shi ne mai zuwa bai karanta komai ba, domin zai dawo da hotuna masu kyau da tunanin cewa labarin na limamai ne.

Mai kwana biyu ya fara da Salinas, ya kwana Santa Fe, washegari ya tafi Pecos, domin haka shekarun suka jeru: Salinas ta ƙare a 1678, Pecos ta ɗauka daga 1680. In ya rage lokaci ya biya ta Jemez, awa ɗaya daga Albuquerque. Cibiyar baƙi ta Walatowa a buɗe take, gaba kaɗan kuma akwai kangon cocin San José a kufan Giusewa, amma cikin garin ba a shiga sai ranakun biki, kuma ko a ranakun an hana ɗaukar hoto da naɗar murya.